Gwangwanin Disket: Tarihin Faifan Da Ya Ɗauki Littattafanmu

Yau zan ɗan ajiye ƙagaggen labari in ba ku na gaske, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ƙarshen daminar da ta wuce.

Ruwa ne ya yi mana ɓarna a gidanmu da ke Kawaji, rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, dole muka fito da kaya tsakar gida don su sha iska. A ƙasan wata tsohuwar akwati sai na ci karo da gwangwanin biskit, murfinsa duk ya yi tsatsa. Da na ɓamɓare shi, sai ga disket guda 23 a jere, kowane da rubutun hannuna a goshinsa. Wani an rubuta "kashi na ɗaya", wani "gyaran ƙarshe", wani kuma da jan biro an rubuta "kar a taɓa". 'Yata da ke aji biyar a sakandare ta ɗauki ɗaya tana jujjuyawa, ta ce, "Umma, wannan ba shi ne ɗan hoton da ake dannawa in za a yi sebin ba? Ashe da gaske akwai shi?" Na yi dariya, amma daga baya jikina ya yi sanyi, domin kuwa aikin da na yi na wajen shekara bakwai yana cikin gwangwanin nan, kuma babu na'ura ko ɗaya a gidan da za ta iya karanta shi.

Kafin in zo kan abin da ya same ni da disket, bari mu ɗan koma baya mu ga inda ya samo asali.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a shekarar 1971. Na farkon ƙato ne, faɗinsa inci 8, kuma abin da yake ɗauka bai wuce kilobayit 80 ba. Ba don marubuta ko masu shago aka yi shi ba, an yi shi ne don a riƙa loda wa manyan kwamfutocin kamfanin umarnin da za su tashi da shi. Abin da ya ba ni sha'awa a tarihin shi ne, matsalar farko da injiniyoyin suka ci karo da ita ƙura ce. Faifan tsirara yake, da ƙura ta hau shi sai karatu ya gagara, shi ya sa suka ɗinka masa riga mai wani lallausan ƙyalle a ciki da yake share shi yayin da yake juyawa. Wato tun ran gini, tun ran zane: abokiyar gabarsa tun haihuwa ita ce wadda muka fi kowa arzikinta a Kano.

A 1976 kamfanin Shugart Associates ya rage shi zuwa inci 5 da kwata. Waɗannan biyun suna lanƙwasuwa a hannu kamar kwali, daga nan sunan flofi ya fito, ma'ana abu mai laushi. A farkon shekarun 1980 kamfanin Sony na Japan ya fito da ɗan ƙaramin mai inci 3 da rabi, mai rigar roba mai tauri da ɗan murfin ƙarfe. Kamfanin Apple ya sa shi a kwamfutarsa Macintosh a 1984, sannan a 1987 IBM ya fito da kwamfutoci masu karanta nau'in da ke ɗaukar megabayit 1.44. Wannan na ƙarshen shi ne wanda muka sani, shi muke kira disket. Duk wanda ya taɓa tambayar kansa me ya sa ake kiran rumbun cikin kwamfuta da harafin C, to amsar ita ce A da B na flofi ne, su suka riga shi zuwa.

To mu a nan yaya ya iso mana? Lokacin da magabatanmu a wannan harka suka fara, irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, da Malam Ado Ahmad Gidan Dabino da ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, tafireta ce take mulki a Kano. Aikin tafireta kuwa ba ya yafiya. In mai bugu ya tsallake layi, sai dai a sake shafin gaba ɗaya ko a shafa farin ruwa a buga a kai. Ga shi yawancin tafiretocin ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai an bi da biro ana yi musu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, ko a bar su haka mai karatu ya ƙarasa da kansa. In littafi ya ƙare a kasuwa kuma farantan ɗab'insa sun lalace, aiki ya dawo sabo.

Daga tsakiyar shekarun 1990 shagunan da muke kira bizines santa suka fara yawa a gari. Kwamfuta ɗaya ko biyu a kan tebur, mai allo mai ƙeya, da firinta, da injin hoton takarda, da ɗan janareto a bakin ƙofa. A daidai wannan lokacin ne Malam Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro haruffan kwamfuta masu lanƙwasa da aka sani da Rabi'at da Abdalla, sai ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito a allo tsaf. Waɗannan abubuwa biyu, kwamfuta da haruffan, sun sauya mana sana'a. Amma wanda ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne disket, domin da shi ne marubuci zai fita daga shago da littafinsa a hannu. In wannan maɗaba'a ta tsawwala kuɗi, ka wuce wata. In littafi ya ƙare, ka kai disket a sake fitarwa. Mu mata da fita take mana wuya, ya fi yi mana rana, domin ana iya aika yaro da shi kamar yadda ake aika shi cefane.

Ni na shigo harkar a shekarar 2000, ban daɗe da gama sakandare ba. Da biro nake rubutu a littafin makaranta mai layi, in na cika uku ko huɗu sai ƙanina ya hau acaɓa ya kai wa mai bugu. Shi zai buga a Word, a fitar mini a takarda in yi gyara, sannan a tsara shafuka a PageMaker, a fitar a wata farar takarda mai shara-shara da ake yin farantin ɗab'i da ita. Ranar da aka miƙo mini disket ɗina na farko, sai da na riƙa ɗaga shi ina kallo, na kasa gane yadda duk surutun da na yi wata biyar ina rubutawa ya shige cikin abin da bai kai tafin hannuna ba. Alhali in an auna da na yau ba komai ba ne: hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka yanzu ya fi ƙarfin cikinsa. Amma rubutu ba shi da nauyi, kashi ɗaya na littafi yana shiga har a bar wuri.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yadda cikinsa yake. Wani ɗan siririn faifan roba ne, an shafe shi da garin maganaɗisu irin na zaren kaset. In an tura shi cikin kwamfuta, murfin ƙarfen yakan zame gefe, faifan ya riƙa juyawa sau 300 a minti ɗaya, wasu ƙananan kawuna biyu su kama shi sama da ƙasa suna karantawa. Kawunan nan taɓa shi suke yi kai tsaye, shi ya sa ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga tsakani sai ta yi masa zane. Kowace fuska tana da layuka 80 a zagaye, kuma a layin farko ne ake ajiye jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. In wannan layin ya samu matsala, rubutunka yana nan a ciki amma kwamfuta ba ta san hanyar zuwa gare shi ba, sai ta ce maka faifan ba a yi masa fomat ba, ko kana so a yi masa yanzu? Mutane da yawa a nan suka yanka kansu da hannunsu, suka amsa da e.

Tawa ƙaddarar ta zo a azumin 2002, lokacin na yi aure na tare a Kawaji. Littafina na biyu kashi uku ne. Na ɗaya da na biyu sun fita kuma sun samu karɓuwa, har wasiƙu ake aiko mini ana tambayar na uku. Ɗan kasuwar da yake ɗaukar littattafaina ya ba ni kafin alƙalami, da sharaɗin kashi na uku ya shiga kasuwa kafin ƙaramar Sallah, saboda lokacin ne 'yan sari daga Katsina da Sakkwato da Maraɗi suke zuwa ɗibar kaya. Saura kwana goma Sallah na roƙi maigidan ya bar ni in je shagon da kaina, mu yi gyaran ƙarshe a gabana.

Na tarar an wanke kwamfutar shagon a satin da ya gabata saboda bairos, duk abin da ke rumbunta ya tafi. Yaron da ke bugun ya ce, "Anti kar ki damu, ai naki yana disket." Ya karɓa ya tura, ya buɗe fayil ɗin daga kan disket ɗin kai tsaye, muka shiga gyara. Mun yi wajen awa biyu. Ya danna sebin, 'yar koriyar fitilar ta kama, na'urar tana ƙara ƙir-ƙir, sai ɗif aka ɗauke wuta. Akwatin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci yana nan a ƙarƙashin tebur, amma batirinsa ya daɗe da mutuwa. Da aka tada janareto aka sake buɗewa, shafi huɗu na farko ne kawai suka fito, sauran duk wasu akwatuna ne da alamomin da ba na kowane yare ba.

Na ce to ba komai, ai akwai rubutun hannu. Nan ma aka yi rashin sa'a. Bayan an gama bugun farko na ba wata ƙawata littattafan ta karanta, ita ta ba 'yar'uwarta, 'yar'uwar ta tafi da su makarantar kwana. Takardun gyara kuwa tuni na kunna murhu da rabinsu, tunda a ganina aiki ya riga ya shiga kwamfuta. A daren nan ban iya cin abin buɗa-baki ba. Na zauna na sake rubuta kashi na uku daga ka, cikin kwana tara, ga azumi ga girki. Littafin bai fita ba sai bayan Sallah da sati uku, 'yan sari sun riga sun tafi, ɗan kasuwa ya zabtare abin da ya zabtare. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, ƙarshen da kuka karanta ba shi ne na farko ba. Akwai wata hira tsakanin uwa da 'yarta a daren kai amarya da na san na rubuta ta da kyau, na yi ta nemanta a kaina ban same ta yadda take ba.

Laifin ba na yaron shi kaɗai ba ne. Ni ce na ɗauki disket ɗaya na mayar da shi rumbu, alhali shi ɗan aike ne kawai. Da ya fara kwafe fayil ɗin zuwa cikin kwamfuta muka yi gyara a can, da wutar ta ɗauke gyaran awa biyu kawai za mu rasa.

A 2004 maigidan ya sayo mini kwamfutar tebur ta hannu, mai Windows 98. Daga nan na zama mai tsattsauran ra'ayi a kan disket, har ƙannena suna yi mini dariya. Kowane aiki kwafi uku nake yi: ɗaya a cikin kwamfuta, ɗaya a gwangwani, ɗaya kuma a gidanmu wajen mahaifiyata. Ba na cire disket sai koriyar fitila ta mutu. Takardar suna kuwa sai na rubuta sannan in manna, kuma ba na manna sabuwa a kan tsohuwa don kar ta ɓalle ta maƙale a cikin na'ura. Ba a ajiye mini shi a kan talabijin ko kusa da sifikar rediyo, saboda maganaɗisun da ke cikinsu. Ba a barin shi a mota ko a taga, domin zafin Kano na watan Afrilu yana wuce digiri 40, roba kuwa ba ta jure haka. In ƙanina zai kai maɗaba'a, sai na sa shi a ambulan, in ce masa, "Ka sa a aljihun gaba, kar in ji ka zauna a kai." Shi kuma ya ce, "Yaya, sai ka ce ƙwai na ɗauko." Na ce ai gara ƙwai, in ya fashe ana sayen wani.

Lokacin hunturu kuwa tsohon zani nake lulluɓa wa kwamfutar gaba ɗaya. Ramin da ake tura disket ta nan iska take shiga, ƙura ta taru a kan kawunan, sai ka sa lafiyayyen faifai ya fito da zane. Akwai wani disket na musamman mai farin ƙyalle a ciki, ana ɗiga masa ruwan wanki a tura ya goge kawunan. Yara kuma sai an sa musu ido, domin babu abin da suke so kamar ja da sakin murfin ƙarfen nan, su kai yatsa kan faifan.

Sai maganar bairos, wadda disket ne babban jakinta a wancan zamani. Bairos na farko da ya yaɗu a irin kwamfutocinmu, wanda ake kira Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi a birnin Lahore na Pakistan a 1986, kuma ta flofi ya zagaya duniya. A Kano kuwa disket ɗaya yana iya shiga kwamfuta biyar a yini, daga shago zuwa maɗaba'a zuwa wajen mai zanen bango, duk inda ya shiga ya ɗauko ko ya sauke. Maganin yana jikinsa, mutane ne ba su kula ba. A kusurwar bayansa akwai ɗan maɓallin roba, in ka tura shi ramin ya buɗe har kana hango haske, to an kulle, za a iya karantawa amma ba za a iya rubuta komai a kai ba, har da bairos. Haka kuma ba a tada kwamfuta da disket a ciki, domin tana fara leƙa A kafin C, wasu ƙwayoyin kuma a nan suke laɓewa. A cikin gwangwanina akwai ɗaya da kullum yake kulle, shi ne mai ɗauke da haruffan Rabi'at, saboda in ka kai aiki inda ba su da su, lanƙwasarka duk ta watse.

Mutuwar disket ta fara tun muna tsakiyar amfani da shi, mu ne labari bai iso mana da wuri ba. A 1998 Apple ya fitar da iMac babu ramin flofi sam. A shekarar 2000 filash ya shigo kasuwar duniya, na farko-farkon megabayit 8 yake ɗauka, wato ya fi disket biyar. A 2003 kamfanin Dell ya fara daina sa ramin a kwamfutocinsa na gida sai wanda ya nema. Ni sai a 2007 na riƙe filash nawa, na rufe gwangwani na manta da shi. Sony ya daina ƙera disket a watan Maris na 2011. Amma fa ya yi taurin rai: rundunar sojan saman Amurka ta ci gaba da amfani da ƙaton nan mai inci 8 a tsarin aika umarnin makaman nukiliya har 2019, gwamnatin Japan kuwa sai a 2024 ta gama soke dokokin da ke tilasta miƙa mata takardu a kan flofi.

Yanzu bari in dawo kan gwangwanina. Ƙanin nan nawa, wanda yanzu magidanci ne, shi ya samo mini wata 'yar na'urar karanta disket da ake jona wa kwamfuta ta ramin filash. Kafin in tura kowane ɗaya sai na kulle maɓallinsa, na zame murfin na duba da fitila ko akwai fumfuna, domin mai fumfuna in ya shiga zai ɓata kawunan ya shafa wa na bayansa. Wanda ya buɗe kuma ban tsaya karatu ba, nan take na kwashe komai, tunda tsohon faifai yana iya buɗewa sau ɗaya ya ƙi na biyu. Cikin 23, guda 9 ne suka amsa. Na PageMaker sai da aka nemo tsohuwar manhajar, saboda an daɗe da daina yin ta. Na Word sun buɗe, sai dai da yake haruffan wancan lokaci aron gurbin wasu alamomi suka yi, sai na ga "waɗanda" ta koma "wa]anda", "ƙasa" ta koma "}asa", "taɓa" ta koma "ta~a". Wannan mai sauƙi ne, umarni ɗaya ake ba kwamfuta ta musanya kowace alama da harafinta.

A cikin guda taran nan na samu littafina na farko cif, wanda ni kaina ba ni da kwafinsa na takarda, aro ya cinye shi tuntuni. Na zauna na karanta yarinyar da nake a shekara 19, wani wurin in ji kunya, wani wurin in ce ashe na iya. Mai jan biron nan kuwa, "kar a taɓa", shi ne na azumin 2002. Na ajiye shi shekara da shekaru da fatan wata rana za a samu mai ciro hirar nan. Na tura shi sau uku, ƙara kawai yake yi.

Abin da ya sa na kawo muku wannan dogon zance shi ne, ba ni kaɗai ce mai gwangwani ba. Ɗaruruwan littattafan da aka buga a Kano tsakanin shekarun 1990 da na 2000 a kan takarda mai araha aka buga su, wadda take yin ja ta ruɓe, gara kuma ba ta raga mata. Shagunan da suka buga su da yawa sun rufe, kwamfutocinsu sun tafi wajen 'yan gwangwan. Wasu marubutan sun riga mu gidan gaskiya, iyalansu ba su san me ke cikin 'yan robobin da suka bari ba. Maganaɗisun disket kuma yana raunana da kansa ko ba a taɓa shi ba, kowace damina tana rage mana wani abu. Don haka 'yan'uwana marubuta na wancan zamani, da 'ya'yan waɗanda suka rasu, ku duba ƙasan akwati da saman sif. In kun samu, kar ku zubar, kar kuma ku ba yara wasa, ku nemi a kwashe abin da ke ciki tun yana amsawa.

Ku kuma ƙannenmu da kuke rubuta littafi sukutum a waya kuna sakewa a WhatsApp da Wattpad, na san kuna yi mana dariyar megabayit ɗaya da ɗigo. Amma kwanan baya wata yarinya ta kira ni tana kuka, an ƙwace mata waya a cikin a-daidaita-sahu, babi talatin da ba ta saki ba suna ciki, kuma babu su a ko'ina. Ban iya yi mata faɗa ba, domin na san irin daren da za ta kwana. Na dai tambaye ta ko tana tuna yadda labarin ya ƙare, ta ce tana tunawa. Na ce to ta samo biro da littafi ta fara tun yau, kafin hirarrakin su gudu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu.